Faifan Da Ya Sauke Michael Jackson

Mujallar Billboard ce ke fitar da jadawalin faya-fayan waƙa da suka fi kasuwa a Amurka. Duk mako tana jero guda 200, daga na ɗaya har na ƙarshe. A ƙarshen shekarar 1991, makonni huɗu a jere sunan Michael Jackson ne a sama, da sabon kundinsa mai suna Dangerous. Babu wanda ya yi mamaki. Mutumin da har a lungunan garuruwanmu yara ke kwaikwayon rawarsa, wanda a watan Maris na wannan shekarar ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin Sony da aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyan 65, wanda aka haska bidiyon waƙarsa Black or White a ƙasashe 27 a rana ɗaya, ina kuwa zai zauna in ba a sama ba?

Sai ga fitowar ranar Asabar, 11 ga Janairu 1992, babu sunansa a lamba ɗaya. A gurbinsa an rubuta Nirvana, da kundi mai suna Nevermind. Samari uku ne: Krist Novoselic mai shekara 26, Kurt Cobain mai 24, da Dave Grohl wanda saura kwana uku ya cika 23. Wata shida kafin wannan ranar, jagoransu Cobain a cikin tsohuwar motarsa yake kwana, don mai gidan haya ya fitar masa da kayansa waje saboda bashi.

Cobain da Novoselic 'yan Aberdeen ne, wani ƙaramin gari a jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka kusa da bakin teku. Garin masu yankan katako ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma a lokacin tasowarsu masana'antun katakon suna ta rufewa. Iyayen Cobain sun rabu yana da shekara tara, ya yi ta yawo tsakanin gidajen dangi da na abokai, ya bar sakandare ana dab da kammalawa, ya yi aikin shara da goge-goge. Novoselic ɗan baƙi ne daga Kuroshiya, dogo ne har ya kai mita biyu. A wajen atisayen wata ƙungiyar kiɗa ta yankin mai suna Melvins suka saba, kuma a 1987 suka kafa tasu.

Irin kiɗan da suke yi ba shi ne na manyan gidajen rediyo ba. Kiɗan rok da ke kawo kuɗi a wancan zamanin na 'yan Los Angeles ne, masu tara gashi da kwalliya da ƙyalƙyali. A ƙarƙashin wannan kasuwar akwai wata duniya dabam: ƙananan kamfanoni masu ofis ɗaki ɗaya, gidajen rediyon ɗalibai a jami'o'i, jaridun da ake bugawa da injin fotokwafi, da makaɗan da ke loda kayansu a tsohuwar bas su yi ta zagaya ƙasa suna kwana a ƙasan ɗakunan masoyansu. Wannan shi ne rok na 'yan gefe. Ƙungiyar R.E.M. ta fito daga nan ta kai lamba ɗaya a watan Mayun 1991, amma sai da ta yi shekara goma tana rarrafe, ta fitar da kundi bakwai, kuma sautinta mai laushi ne. Babu wanda ke sa ran mai ihu da jita mai amo kamar injin niƙa zai bi sahunta.

Kundin Nirvana na farko, Bleach, ya fito a watan Yunin 1989 a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfanin birnin Seattle mai suna Sub Pop. Kuɗin naɗarsa gaba ɗaya, na kimanin awa 30 a sutudiyo tare da injiniya Jack Endino, dala 606 ne da santi 17. Ko wannan ɗin ma ba su da shi. Wani abokinsu, Jason Everman, ya biya, su kuma suka rubuta sunansa a bangon faifan a matsayin mai kaɗa jita ko da yake bai kaɗa komai a ciki ba. An sayar da kwafi wajen 40,000. A duniyarsu wannan nasara ce, amma ba ta biyan haya. Shi kansa Sub Pop ɗin yana gab da durƙushewa.

A watan Afrilun 1990 suka je birnin Madison suka naɗi wasu sababbin waƙoƙi da wani furodusa da ba a san shi sosai ba, Butch Vig, suka yi ta yawo da kaset ɗin a ofisoshin manyan kamfanoni. Sun daɗe suna fama da matsalar mai ganga, wannan ya zo wancan ya tafi, sai a ƙarshen wannan shekarar suka dace da Dave Grohl, wanda ƙungiyarsa ta watse ya rasa madafa. Grohl yana dukan ganga kamar mai sassaƙar turmi, amma bugunsa ba ya kauce wa ƙa'ida ko kaɗan. Da zuwansa kiɗan ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan ƙungiyar Sonic Youth, waɗanda Cobain ke girmamawa ƙwarai, su suka yi musu hanya zuwa DGC, wani reshe na kamfanin Geffen, aka sa hannu a ƙarshen Afrilun 1991. An ware dala 65,000 don aikin. Kuɗin man da zai kai su Los Angeles ma sai da suka yi wasa a wani wuri mai suna OK Hotel a Seattle ranar 17 ga Afrilu suka haɗa. A wannan daren ne suka fara kaɗa wata sabuwar waƙa a gaban jama'a, wadda ko baitocinta ba a gama rubutawa ba: Smells Like Teen Spirit.

Sunan waƙar yana da labari. Wata ƙawarsa mawaƙiya, Kathleen Hanna, ta taɓa rubuta masa a bangon ɗaki cewa Kurt yana ƙanshin Teen Spirit. Kalmomin biyu suna nufin ruhin samartaka, don haka shi ya ɗauka wani kirari ne na tawaye, ya riƙe shi. Ashe sunan wani turaren hammata ne na 'yan mata, ita kuwa tsokanarsa take yi. Bai sani ba sai bayan waƙar ta fita.

A watan Mayu suka shiga sutudiyon Sound City da ke unguwar Van Nuys a Los Angeles, tare da Butch Vig. Vig ya gane cewa a ƙarƙashin ihun nan akwai karin waƙa mai daɗi irin wanda yaro zai ji sau ɗaya ya haddace, kuma aikinsa shi ne ya fito da shi fili. Ya so Cobain ya rera baiti sau biyu a ɗora murya kan murya don ta yi kauri. Cobain ya ƙi, yana ganin yaudara ce. Sai Vig ya ce masa ai John Lennon na ƙungiyar Beatles ma haka yake yi, shi ke nan ya yarda, domin tun yana yaro yake son Beatles. Salon waƙar kuwa, na a yi ƙasa da sauti kamar ana raɗa sannan a ɓarke da ƙarfi lokaci guda, Cobain da bakinsa ya faɗa cewa daga ƙungiyar Pixies ya ɗauko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk aikin shi ne yadda aka naɗi waƙar ƙarshe, Something in the Way. Sun yi ta gwadawa da ganga da komai, ta ƙi zama. Sai Cobain ya shigo ɗakin da injiniya ke zama, ya kwanta a kan doguwar kujera da wata tsohuwar jita wadda tsirkiya biyar kawai ta rage mata, ya ce ga yadda yake son ta fito. Ya fara rerawa a hankali, da ƙyar ake jin muryarsa. Vig bai ce a koma ɗakin naɗa ba. Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya hana wayoyi ƙara, ya jawo makirufo kusa da kujerar, ya danna. Abin da ke kan faifan ke nan. Daga baya aka ɗora ganga a hankali, aka ɗora babban goge irin na Turawa, kowa yana bin sawun mutumin da ke kwance.

Bayan an gama, aka kira Andy Wallace ya tace sautin ya ba shi sheƙi. A bangon faifan aka sa hoton jariri yana iyo a cikin ruwa, a gabansa ga takardar dala ɗaya a maƙale da ƙugiyar kamun kifi.

Kamfanin bai sa wani dogon buri ba. Fatansu shi ne a sayar da kwafi 250,000, kamar yadda kundin Sonic Youth mai suna Goo ya yi. Ko Teen Spirit da aka saki ranar 10 ga Satumba, share fage aka yi da ita, don waƙar da suke ganin za ta shiga rediyo ita ce Come as You Are. Da kundin ya fito ranar 24 ga Satumba 1991, kwafi 46,251 kacal aka rarraba wa shagunan Amurka baki ɗaya. Ya shiga jadawalin Billboard a lamba 144.

Kwana biyar bayan fitowarsa, tashar MTV ta haska bidiyon Teen Spirit a wani shiri na tsakar dare da ta keɓe wa kiɗan 'yan gefe. Wani sabon darakta, Samuel Bayer, ya ɗauke shi. An shirya wurin kamar zauren wasannin makarantar sakandare, hayaƙi ya turnuƙe, haske ja-ja, ga wani tsoho mai goge daɓe yana rausaya da sandar mofa. Matasan da aka gayyato su zama 'yan kallo sun yini a zaune ana maimaita waƙa ɗaya har suka ƙosa. Da aka sake su a ƙarshe suka afka wa dandalin, suna tsalle suna tumurmusa juna suna jan kayan kiɗa, kyamara na ɗauka. Wannan hargitsin na gaske ne, kuma ina ganin shi ya sa duk matashin da ya kalla ya ji da shi ake. Nan da nan MTV ta mai da bidiyon na rana, ana haska shi safe da yamma. Mutane ba sa ma jin abin da Cobain ke faɗa, har sai da tashar ta shirya wani mai ɗauke da kalmomin a rubuce a ƙasa.

Shagunan arewa maso yamma suka ƙarar da nasu cikin kwanaki, aka yi ta neman ƙari babu. A farkon Nuwamba kundin ya shiga sahun 40 na sama, kafin ƙarshen watan kuma an tabbatar da ya haura miliyan ɗaya. Su samarin suna Turai a lokacin, suna wasa a ƙananan zaurukan da aka kama musu tun ba a san su ba, jama'a na cika titi a waje. Shugaban kamfanin Geffen, Ed Rosenblatt, ya shaida wa jaridar New York Times cewa su ba su yi komai ba, faifai ne irin wanda sai dai mutum ya kauce ya ba shi hanya.

To amma ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi bidiyon muhimmanci. Kafin 1991, yadda Billboard ke haɗa jadawalinta shi ne ta tuntuɓi shaguna, manajoji su faɗi abin da ya fi tafiya a wurinsu. Ba ƙirga ake yi ba, faɗa ake yi. Manaja yana iya faɗin abin da yake so, ko abin da ya ga ya dace da mutuncin shagonsa, ko abin da wakilin babban kamfani ya yi masa ihsani ya faɗa. Daga fitowar 25 ga Mayu 1991 aka koma amfani da wani tsarin kwamfuta mai suna SoundScan. Duk faifan da aka saya, na'urar mai karɓar kuɗi tana karanta layukan da ke bayansa ta aika lissafi. Kamar kasuwar hatsi ce da aka shekara da shekaru ana awo da mudun da aka lotsa gindinsa, rana ɗaya aka kawo mudu na gaskiya. Cikin 'yan makonni jadawalin ya sauya kama. Ƙungiyar N.W.A. masu waƙar gambara ta baƙaƙen fata, waɗanda rediyo ba ya sa waƙoƙinsu, suka hau lamba ɗaya a watan Yuni. Garth Brooks, mai waƙoƙin mutanen karkara, ya hau a watan Satumba. Masu sayen nan sun daɗe suna saye, lissafi ne ba ya kaiwa kansu. Nevermind ya fito wata huɗu bayan an gyara mudun.

Jadawalin 11 ga Janairu cinikin makon bayan Kirsimeti ya nuna, lokacin da matasa ke fita da kuɗin da aka ba su kyauta su sayi abin da ransu ke so. Masu shaguna sun ba da labarin yaran da suka dawo da faya-fayan da iyaye suka saya musu suka musanya da Nevermind. A lokacin ana sayar da kimanin kwafi 300,000 duk mako. A makon ne kuma Teen Spirit ta kai lamba 6 a jadawalin waƙoƙi ɗaiɗai, kuma a daren wannan Asabar ɗin Nirvana suka yi wasa kai tsaye a shirin talabijin na Saturday Night Live, suka farfasa kayan kiɗansu a ƙarshe.

Mako ɗaya suka yi a sama Garth Brooks ya karɓe, suka sake komawa a fitowar 1 ga Fabrairu. Michael Jackson kuma bai faɗi ba, Dangerous ya ci gaba da sayuwa miliyoyi a duniya. Abin da ya sauya shi ne tunanin masu kuɗi. Wakilan manyan kamfanoni suka yi wa Seattle tsinke suna neman wata Nirvana. Ƙungiyoyin Pearl Jam, Soundgarden da Alice in Chains duk suka ɗana lamba ɗaya cikin shekara biyu da 'yan watanni, Pearl Jam ma ta sayar da kwafi sama da 950,000 a mako guda a 1993. Masu tara gashi na Los Angeles kasuwarsu ta mutu. Rigunan gwanjo masu gidan dara da 'yan Aberdeen ke sawa don sanyi da talauci, aka fara ɗinka irinsu ana sayarwa da tsada a New York. Sub Pop, wanda aka ba shi ɗan kaso a cinikin bisa yarjejeniyar sakin ƙungiyar, ya farfaɗo, Bleach na dala 606 shi ma ya haura miliyan.

Cobain bai ji daɗin kujerar da ya hau ba. A shirin Top of the Pops na Birtaniya an ce su yi kamar suna kaɗawa alhali kaset ke tafiya, sai ya janye hannunsa daga jita kowa na gani, ya rera waƙar da wata murya mai kauri da gangan. Da mujallar Rolling Stone ta sa su a bangonta a 1992, ya sa riga da ya rubuta wa zagin mujallun manyan kamfanoni. A takardar da ke cikin kundinsu Incesticide ya roƙi masu wulaƙanta mata da masu wariyar launin fata da masu tsangwamar waɗanda suka bambanta da su da kada su zo wasansu, kada su sayi faifansu. Yana duban taron da ke gabansa yana ganin irin mutanen da suka takura masa a makaranta. Amma ba daidai ba ne a ce ɗaukakar ta zo masa ba da saninsa ba. Shi ya nemi babban kamfani, shi ya amince da mai tace sautin, shi ya tsaya a kan yadda za a yanka bidiyon. Yana so kuma yana jin kunyar son da yake yi, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ga ciwon ciki da ya daɗe yana fama da shi, ga ƙwayar heroyin da ta riga ta kama shi.

Kundi na uku, In Utero, ƙoƙari ne na komawa gida. Suka ɗauko Steve Albini, mutumin da ya yi suna wajen naɗar sauti yadda yake ba tare da kwalliya ba, suka tafi wani sutudiyo a dajin jihar Minnesota a tsakiyar hunturun Fabrairun 1993, suka gama cikin mako biyu. Albini ya ƙi karɓar kaso a ciniki, ya ce a biya shi ladan aikinsa sau ɗaya kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo. Ya karɓi dala 100,000, ya bar abin da ya ninka haka sau da yawa. Manyan kamfanin ba su so sautin ba, aka yi ta ja-in-ja har a jaridu, daga ƙarshe aka sake tace waƙoƙi biyu. Manyan kantunan Walmart da Kmart suka ƙi ajiye shi saboda hoton bayan bangon da sunan wata waƙa. Duk da haka, da ya fito a watan Satumba, a lamba ɗaya ya sauka, da kwafi 180,000 a makon farko.

Ranar 18 ga Nuwamba 1993 suka zauna a New York suka yi wa MTV wasa da jitar katako. Cobain ya sa aka ƙawata dandalin da fararen furanni da baƙaƙen kyandirori. Bai rera Teen Spirit ba. Kusan rabin waƙoƙin na wasu ne, ya rufe da wata tsohuwar waƙar gargajiya da ya koya daga faifan Lead Belly, wani mawaƙi baƙar fata da ya rasu tun 1949. Wasansu na ƙarshe a birnin Munich na Jamus aka yi shi, ranar 1 ga Maris 1994. Ranar 5 ga Afrilu Cobain ya kashe kansa a gidansa na Seattle yana da shekara 27, ya bar mata da 'ya wadda ba ta cika shekara biyu ba. Sai bayan kwana uku wani mai aikin lantarki ya ga gawarsa.

Faifan wasan New York ya fito a watan Nuwamban wannan shekarar, ya shiga a lamba ɗaya da kwafi sama da 310,000, ya kuma kawo musu kyautar Grammy a 1996. Wani kundin na wasanninsu ya sake hawa lamba ɗaya a 1996 ɗin. Grohl ya kafa ƙungiyar Foo Fighters. Nevermind ya haura kwafi miliyan 30 a duniya, bidiyon Teen Spirit kuma ya wuce kallo biliyan ɗaya a YouTube a ƙarshen 2019.

Something in the Way kuwa, ba a taɓa sakinta ita kaɗai ba, ba a yi mata bidiyo ba. A 2022 aka sa ta a fim ɗin The Batman, yaran da aka haifa bayan mutuwar Cobain suka shiga nemanta a wayoyinsu. A watan Maris na shekarar ta shiga jadawalin waƙoƙi 100 na Billboard a karon farko, a lamba 46, kusan shekara 31 bayan an kashe na'urar sanyaya ɗaki a Van Nuys don a ji muryar mutumin da ke kwance a kan kujera.